Fentin hana yoyo a kan dekin: yana aiki, kuma wanne ya kamata a saya?

Tambayar ta zo ne daga wata Hajiya a Aboabo, Kumasi. Ta ce rufin gidansu dekin ne na kankare, mita 8 da mita 12, an zuba shi da niyyar ɗora bene, kuɗi bai samu ba, rodi na nan tsaye a sama shekara da shekaru. Yanzu ɗaki biyu da falo suna yoyo, 'yan haya sun fara ƙorafi. Magini ya yi sabon daɓen siminti bai hana ba, an dafa kwalta an zuba, damina ɗaya ta yi ta tsattsage. Sai aka ba ta labarin wani fenti da ake shafawa da rola ya bushe ya zama roba. Tana so ta san ko gaskiya ne, wanne za ta saya, kuma bokiti nawa zai ishe ta.

Hajiya, sannu da ɗawainiya, Allah ya rufa asiri. Gaskiya ne fentin yana aiki, kuma ga rufi irin naki mai rodi da bututu da ƙafar tanki ko'ina, ya fi shimfiɗar kwalta da ake mannawa da wuta sauƙin sarrafawa, domin ruwa-ruwa yake, yana bin kowace kusurwa ba tare da gaɓa ba. Sai dai idan ya bushe kaurinsa bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba. Abu mai wannan siranta, ƙarfinsa duk yana ga abin da aka shafa shi a kai. Shi ya sa nake roƙonki kada ki fara da sayen bokiti. Sayen bokiti shi ne na ƙarshe a aikin nan, kuma yawancin kuɗin da nake gani ana asara a unguwanninmu, daga Aboabo zuwa Asawase da Sawaba, ana yin ta ne saboda an fara da shi.

Bari mu fara da dalilin yoyon. Kankare ba ya riƙe ruwa yadda mutane suke zato. Yana da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, balle wanda aka kwaɓa da hannu aka cika masa ruwa don ya yi saurin zuba. Bayan haka yana motsi. Rana ta gasa shi ya miƙe, ruwa ya sauko ya tsuke. Dekin mai tsawon mita 12, idan zafinsa ya sauya da digiri 30 tsakanin tsakar rana da dare, yana motsawa kusan milimita 3 zuwa 4. Kullum haka yake yi, shi ya sa tsaga take buɗewa, shi ya sa kuma yaɓen siminti da maginin ya yi ya tsage a daidai inda na ƙasa ya tsage. Ita kwalta da aka dafa, hasken rana ne ke busar da man da ke cikinta, ta yi tauri, ta dare. Dekin ɗinki an zuba shi ne ya zama ƙasan ɗakunan sama, ba a yi masa gangara ba, ba a shirya shi ya ɗauki ruwan sama ba. Kumasi kuwa tana samun ruwa kusan milimita 1,400 a shekara, kusan ninki biyu na abin da Akra take samu. Kowace milimita ɗaya ta ruwan sama lita ɗaya ce a kan murabba'in mita ɗaya, ke nan rufinki mai murabba'in mita 96 yana karɓar fiye da lita 130,000 a shekara.

Kafin komai, ki sa a duba dekin ɗin daga ciki. Idan akwai silin a cire wani ɓangare a leƙa. Tabo mai ruwan ƙasa da fenti mai kumbura ba abin tsoro ba ne. Farin gari kamar gishiri, ko wasu 'yan fararen tsinkaye da ke ratayowa daga tsaga, alama ce ruwa ya daɗe yana ratsawa yana wanko farar ƙasa daga cikin simintin. Abin da zai tayar da hankali shi ne a ga kankare yana ɓallowa, rodi ya bayyana ja da tsatsa, ko tsakiyar dekin ya lotsa. Tsatsa tana cin wuri ninkin-ba-ninkin ƙarfen da ta fito daga gare shi, sai ta tura kankaren waje ta fasa shi. Idan an ga haka, maganar fenti ta tsaya sai injiniyan gini ya duba. A Kumasi ba a rasa su ba, ga jami'ar KNUST, ga cibiyar binciken gini da hanyoyi ta BRRI a Fumesua. Mutane suna kwana a ƙarƙashin wannan kankare, kada a yi wasa da shi. Kuma idan ruwa yana ɗiga ta wajen ƙwan lantarki ko fanka, a kashe wutar wannan layin har a gama gyara, don sau da yawa ruwa yana bin bututun waya da aka binne cikin dekin. Wannan ne ma ya sa inda yake ɗiga a ɗaki ba lallai ne nan ya shiga daga sama ba, yana iya shiga ta gindin rodi a kusurwa ya fito a tsakiyar falo.

Sai a hau sama washegarin ruwa, da alli a hannu. Duk inda ruwa ya kwanta a zagaye shi. Za ki ga wurin ma ya nuna kansa, yana da baƙar laka da gansakuka a gefe. Nan ne zuciyar aikin, Hajiya, kuma nan ne masu aiki suka fi tsallakewa saboda wahalarsa. Ruwa ya kamata ya sauka ya wuce. Ƙa'idar da masu gini suke bi ita ce gangarar da ba ta kasa 1 cikin 80 ba bayan an gama, wato a tsawon mita 8 gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu da santimita 10. Ana samun wannan da daɓen siminti da yashi wanda aka ja da igiya zuwa bakin indararo. Amma daɓe yana da nauyi, mai kaurin santimita 5 yana ɗora kusan kilo 100 a kan kowane murabba'in mita. Tunda an riga an yi miki daɓe ɗaya, a ƙwanƙwasa shi da guduma a ji. Inda ya yi ƙara irin ta fanko, ya rabu da na ƙasa, ruwa na kwance a tsakaninsu, dole a fasa a kwashe. Kada a ɗora sabo a kan ruɓaɓɓe. Idan aka raba rufin gida biyu, ruwa ya gangara hagu da dama, kaurin daɓen zai ragu da rabi. Indararo kuma a ƙara yawansu, bututu mai faɗin inci 4, bakinsa ya zauna ƙasa da daɓe. Na sha hawa rufi in tarar bakin bututun ya fi daɓen tudu da yatsa biyu, ruwa sai ya taru ya kai wannan tsayin kafin ya fara fita.

Tsohuwar kwaltar nan ita ma matsala ce. Yawancin fentin ba sa kama ta da kyau, wasu kuma man da ke cikinta yana ratso su ya ɓata. A kankare ta, a gurje da inji har a ga fuskar siminti. Aiki ne mai gajiyarwa, ki sa shi cikin lissafin lada tun farko don kada a yi miki rabi a rufe.

Bayan haka sai tsaga da kusurwa. Tsagar da ta kai a sa farce a ciki, a buɗe ta da injin yanka ta yi ɗan kwari, a hure ƙurar, a cika da abin toshe gaɓa na poliyuretan wanda ake matsawa da bindiga. Siminti zalla ba ya yi a nan don ba ya miƙewa. Inda dekin ya haɗu da katangar bakin rufi, a cike lungun da siminti ya zama mai lanƙwasa maimakon kusurwa mai kaifi, sannan fentin ya hau jikin katangar aƙalla santimita 15. A duk waɗannan wurare, da kewayen indararo da gindin bututu, ana shafa fenti, a kwantar da ƙyallen poliyesta a kai tun yana danye, a danna shi da buroshi har fentin ya ratso, a sake shafawa. Wannan ƙyallen shi ne yake hana fentin yagewa idan tsagar ƙasa ta motsa. Saman katangar ma a shafa shi, domin bulo yana shan ruwa daga sama ya gangaro da shi ta bayan fentin.

Rodin da ke tsaye yana buƙatar kulawa ta musamman, don a gidajen Zango da aka bari da niyyar bene, gindin rodi yana cikin manyan ƙofofin ruwa. A goge tsatsar da buroshin ƙarfe, a kafa katako a kewaye, a zuba kankare mara ƙarfi sosai ya rufe su kamar gajeren ginshiƙi, sannan fentin ya hau jikinsa. Ranar da Allah ya hore kuɗin bene, a fasa shi cikin sauƙi a tarar da rodin lafiya. Idan akwai tankin ruwa a sama, a sauke shi kafin aiki, a gina masa mazauni a daidai kan ginshiƙi ko bango. Tanki mai lita 5,000 tan biyar ne idan ya cika, bai kamata ya zauna a saman tsakiyar ɗaki ba.

Yanzu ga nau'o'in. Wanda aka fi samu a shaguna shi ne akirilik, mai ruwa, yawanci fari, ana wanke rola da ruwa bayan aiki. Yana jure rana sosai, farinsa kuma yana mayar da zafi, 'yan hayarki za su ji bambanci a watan Fabrairu da Maris. Rauninsa ɗaya, ba ya son ruwa ya kwanta a kansa kwana da kwanaki, yana laushi ya kumbura ya saɓule. Idan an yi gangara mai kyau, ya isa. Na biyu poliyuretan, masu shago suna ce masa PU. Ya fi miƙewa, ya fi ƙarfi, ya fi jure kwanciyar ruwa, ya fi tsada. Shi kuma abokin gabarsa danshin da ke cikin kankare, idan aka shafa shi a kan jiƙaƙƙen dekin sai ya yi ƙuraje ya ɓare. Da yawa daga cikinsu suna buƙatar wani shafi na sama da zai kare su daga rana, ki tambaya ko yana cikin farashin. Na uku mai siminti ne, gari a buhu da farin ruwa a jarka, ana haɗawa a shafa da buroshi. Shi ba ya ƙin danshi, ana ma ɗan jiƙa wurin kafin a shafa, shi ya sa ya fi dacewa da banɗaki da tankin ƙasa. A buɗaɗɗen rufi miƙewarsa kaɗan ce, ya fi kyau a rufe shi da tayil ko daɓe. Sai baƙar kwalta ta ruwa da ake sayarwa a bokiti, ita ce mafi araha, amma idan aka bar ta a rana ba kariya, abin da ya sami ta farko zai same ta. Akwai na silikon, yana jure kwanciyar ruwa, sai dai ba abin da yake kama shi daga baya in ba silikon ba, don haka bai dace da wurin da za a yi gini a kai ba. Akwai kuma wanda ake fesawa da inji ya daskare cikin daƙiƙoƙi, na manyan gine-gine ne, bai shafe ki ba.

Zaɓinki ya rataya ga amsar tambaya ɗaya da ke kaɗai za ki iya bayarwa: yaushe za a ɗora benen? Idan cikin shekara ɗaya ko biyu ne, kada ki zuba kuɗin PU a wurin da za a jibge bulo da yashi. A gyara tsagogi da indararo, a yi mai siminti ko akirilik, ya riƙe ki zuwa lokacin. Idan shekara biyar ko fiye ne, a yi gangara sosai a sa akirilik mai kauri da ƙyalle a duk faɗin rufin, ko PU idan hali ya kai. Idan kuwa a zuciyarki kin san benen nan ba yanzu ba, to ki nemi kafinta ya yi miki lissafin katako da kwano a kan dekin ɗin ki gwada da kuɗin fenti. Sau da yawa wannan ne ya fi hankali, ruwa ba ya ma taɓa kankaren, ɗakuna su yi sanyi, ranar da za a yi bene a cire kwanon a mayar da shi can sama. Ni aikin fentin nake yi, amma gidan da na ga kwano ya fi dacewa da shi, haka nake gaya wa mai shi.

Maganar bokiti nawa, ga lissafin da zai kare ki daga cuta. Lita ɗaya idan aka shimfiɗa ta a murabba'in mita ɗaya tana ba da kaurin milimita ɗaya tun tana danya. Akirilik kusan rabinsa ruwa ne da zai tashi, ke nan don a sami milimita ɗaya busasshe ana buƙatar kusan lita 2 a kowane murabba'in mita. Rufinki 96 ne, idan aka haɗa da jikin katanga da kusurwoyi a ce 110. Lita 220 ke nan, bokiti 11 masu lita 20. Idan wani ya ce miki bokiti uku sun isa, abin da zai bar miki bai kai kashi ɗaya cikin uku na milimita ba, fentin bango ne wannan. Kowane kamfani na ƙwarai yana rubuta adadin da ake bukata a jikin bokiti ko a takardar bayani, wasu da lita wasu da kilo. Ki ce a nuna miki, ki bi nasu idan ya bambanta da nawa. Bokitin da ba shi da sunan kamfani, ba ranar da aka yi shi, ba takarda, ki bar shi a shagon komai arahar sa. Ki sayi kayan da kanki, a buɗe a gabanki ko gaban ɗanki, a ajiye miki fankon bokitai ki ƙirga. Kuma kada a tsarma shi da ruwa don ya yi auki, sai dai shafin farko idan takardar ta ce a yi haka.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Manyan ruwan Kumasi suna sauka daga wajen Afrilu zuwa Yuli, a ɗan tsagaita a Agusta, a dawo Satumba da Oktoba. Tsagaitawar Agusta tana yaudarar mutane, gari yana lumshe, kankaren da ya sha ruwa wata huɗu ba ya bushewa. Lokacin aikin nan Disamba zuwa Fabrairu ne. Sabon kankare yana buƙatar kwana 28 kafin a shafa masa irin wannan, sabon daɓe ma a ba shi makonni ya bushe. Don a tabbatar, a yanki leda mai faɗin kusan rabin mita kowane gefe, a manna ta a kan dekin da salatif ta ko'ina, a bar ta aƙalla awa 16. Idan an ɗaga aka ga raɓa a cikinta ko wurin ya yi duhu, bai bushe ba, a ƙara jira. A gwada a wurare da dama, musamman inda aka zagaye da alli. Hunturu kuma yana zuwa da ƙura, don haka a share a goge dab da za a shafa kowane shafi. Kada a yi aiki da tsakar rana lokacin da dekin yake ƙona ƙafa, iskar da ke cikin ramukan kankare tana fitowa ta huda danyen fenti, ya bushe da ƙananan huji kamar na allura. Akirilik a yi shi da hantsi bayan raɓa ta tashi, don ya sami yini ya bushe kafin ta dare ta sauka. Ana fara da shafin share fage wanda kamfanin ya ware wa fentin, sannan shafi biyu ko uku, na biyu ya gitta na farko, kowanne a bar shi ya bushe gwargwadon awannin da aka rubuta. Masu aiki da PU su sa safar hannu da abin rufe hanci, kada a kunna wuta ko sigari kusa, kuma a hana yara hawa.

Idan damina ta riga ta kama ki, abin yi na wucin gadi shi ne a buɗe indararo, a toshe manyan tsagogi a ranar da gari ya yi haske, a shafa mai siminti a wuraren da suka fi zuba, a bar babban aikin sai rani.

Kada ki biya cikon lada sai an yi gwajin ruwa. Bayan fentin ya gama bushewa, a toshe indararo, a cika rufin da ruwa mai zurfin kamar santimita 5, a bar shi awa 24 zuwa 48, a riƙa leƙa ɗakuna. Wannan zurfin kilo 50 ne a kowane murabba'in mita, dekin mai lafiya yana ɗauka, amma kada a wuce haka, wanda kuma injiniya ya yi shakkarsa kada a yi masa sam. Idan akirilik ne a tsaya a awa 24. Daga nan a buɗe a ga ko ruwan ya fita duka cikin ɗan lokaci ko ya bar tafki. Ki yi wannan sharaɗin da mai aikin tun ranar ciniki, a gaban shaida, wanda ya san aikinsa ba zai ƙi ba.

Bayan an gama, a riƙa share ganye da leda daga bakin indararo kafin ruwan Afrilu da kafin na Satumba. A daina jan itace da tukwanen suna da biki a kai, masu shanya su hau da takalmi mai laushi. Mai kafa dish ko sola ya ɗaure a jikin katanga ko a kan bulon da aka ajiye, kada ya huda dekin da ƙusa. Akirilik yana son a wanke shi a ƙara masa shafi ɗaya bayan shekara biyar ko makamancin haka, tun kafin ya fara zuba, kuma kuɗin wannan bai kai rabin na farko ba tunda gangara da gyaran tsaga suna nan. Allah ya sa a yi a sa'a, ya kuma hore na benen.